Tsohuwar Libarba Ba Ta Son Kwalliya

A watan Agusta na 2021, a gwanjon kamfanin Bonhams, an sayar da wata tsohuwar libarba a kan dala miliyan 6 da 'yan kai. Ƙirar Colt ce, samfurin da sojojin Amurka suka fara ratayawa a 1873, kuma irinta sama da dubu 350 aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya raba ta da 'yan'uwanta shi ne, da ita Pat Garrett ya harbe ɗan fashin nan Billy the Kid a 1881, ga kuma takardu da suka biyo ta daga hannu zuwa hannu.

Wanda ya san harkar, in aka miƙa masa irin wannan bindiga, ba ƙyallinta yake kallo ba. Kifa ta yake yi ya nemi lamba: ɗaya a gangar jiki, ɗaya a ƙarfen da ya kewaye kunama, ɗaya a gindin ƙota. Dole su zo ɗaya. In sun saɓa, an yi mata gamin-gambiza ke nan, sai dai waɗanda sojojin da kansu suka kwance suka rage wa tsawon baki wajen 1898, suka mayar da sassan yadda ya samu. A kan katakon ƙotar ta soja kuma akwai ɗan hatimin sufeton da ya duba ta. Haruffan OWA na Orville Ainsworth su ne na farkon fari, kuma masu tarawa kan yi rububinsu. Har yau kamfanin Colt yakan buɗe tsoffin kundayensa ya rubuto maka ranar da bindiga ta bar masana'anta da inda aka aika ta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda magada ke cutar kansu da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga ƙarfe ya dusashe, katako ya yi baƙi da gumin hannu, sai ya kai a goge a sake rini. Gugar nan ita ke cinye hatimin, ta shafe rubutun, ta zaftare kuɗin. Garin gyaran gira an rasa ido.

Mu ma haka muke yi wa takobin kaka da tsohuwar tasar tagulla, da toka da lemon tsami, har sai sun yi fes kamar na kanti. In kana da irinsu a ɗaka, share musu ƙura da tsumma kawai, ka bari wanda ya san su ya gani tukuna.