Makanikin Babur, Jirgin Sama Ɗan Gidanku Ne

Makanikan babur, ku matso kusa, yau da ku nake. Ku da kuke wuni a rumfar kwano ko gindin darbejiya, hannu dumu-dumu da baƙin mai, kunne a kan kukan inji, ina so ku san dangin sana'arku, domin da yawanku ba a taɓa gaya muku cewa jirgin sama a irin shagonku aka haife shi ba.

Glenn Curtiss ɗan wani ƙaramin gari ne, Hammondsport, a jihar New York ta Amurka. Da gyaran keke ya fara, sannan ya shiga ƙera babur, kuma da gwangwanin miyar tumatir ya haɗa kafiretan babur ɗinsa na farko. Gwangwani fa, irin wanda kuke zuba notina a ciki! A shekarar 1907 ya ɗauki inji mai silinda 8 da ya ƙera domin tashi sama, ya ɗora shi a kan babur, ya murɗa totur a bakin teku a Florida har ya yi gudun kusan kilomita 219 a awa guda. A 1908 ya tashi da jirgin da ya tsara, a 1909 ya je Faransa ya ci gasar gudun jiragen sama, daga baya kamfaninsa ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera jirage a duniya. Kafin shi akwai Charlie Taylor, mai gyaran keke a shagon 'yan'uwan nan biyu, Wright. Shi ya ƙera injin jirginsu da ya tashi ranar 17 ga Disamba, 1903, kuma cikin mako 6 ya gama shi. Ko Vespa ɗin nan da iyayenmu suka yi yayi, injiniyan jirgin sama ne, Corradino D'Ascanio, ya zana ta a Italiya, ta fito a 1946.

Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ga mai gyaran jirgi ya tashi daga aiki, ya isa gida, ya durƙusa gaban babur ɗinsa yana wanke fulogi. Jirgi ya gyara, wani ne ya tashi da shi. Babur kuwa shi ya ɗaure, shi zai hau, a jikinsa zai ji ko aikin ya yi kyau. Kuma abubuwan biyu halinsu ɗaya, ba sa yafe ganganci. Mai babur ba shi da ƙarfen da zai kare ƙirjinsa, matuƙin jirgi ba shi da gefen titin da zai tsaya ya duba inji.

To me ya bambanta aikin nasu da naku? Ba ƙarfin hannu ba ne, ba kuma kaifin ƙwaƙwalwa ba. Tsari ne da riƙon amana. Mai gyaran jirgi ba ya ɗaure noti da kintace. Yana da sifana mai ma'auni, ya saita ta a kan adadin da littafin kamfani ya faɗa, in ta yi ƙas ya tsaya, ko kaɗan ba ya ƙarawa. Sannan ya zura siririyar waya ta hujin kan notin, ya murɗe ta tsaf, ya ɗaure ta yadda girgiza ba za ta iya kwance shi ba. In ya gama sai ya ƙirga kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Sifana guda ta ɓace, jirgi ba zai motsa ba sai an gano inda ta shiga. A ƙarshe ya rubuta abin da ya yi, ya sa hannu, kuma sa hannun nan ne ke ba jirgi izinin tashi da rayukan bayin Allah.

A cikin waɗannan duka, wanne ne ya fi ƙarfinka? Babu. Ka duba birki kamar ɗanka ne zai hau. Ka gaya wa mai babur gaskiya in kayan da ya kawo jabu ne, ko da ransa zai ɓaci. Wanda ya saba da wannan a kan babur ƙirar Boxer, rabin tarbiyyar mai gyaran jirgi yana hannunsa.

Sauran rabin karatu ne, kuma ƙofarsa ba ta da nisa. A Zariya akwai kwalejin fasahar jiragen sama da aka kafa tun 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyin gyaran jirgi. Ana bukatar lissafi da kimiyya, da Turanci saboda littattafan gyara da shi aka rubuta su.

Iyayen gida masu shago, roƙona gare ku. In kun ga yaro mai kunnen inji, mai tambayar dalilin komai, kada ku riƙe shi a shago tun safe har magariba. Ku sake shi ya je makaranta da safe, ya dawo muku da yamma, ku riƙa tambayarsa sakamakon jarrabawa kamar yadda kuke tambayarsa cinikin ranar.