Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Tunani a Kan Masu Shirya Ɗakin Mutane

Akwai aikin da Hausawa suka daɗe suna yi ba su kira shi sana'a ba, watau shirya ɗakin wani. Idan za a kai amarya, mata sukan riga ta zuwa su yi jere: gado nan, kwanuka da tasoshi can, kowane abu a mazauninsa. A cikin matan kuwa akan sami guda wadda ita ake jira, gama in ba ta sa hannu ba jeren ba ya kyau. A Amurka wannan aiki ya zama sana'ar da ake biya tun shekarun 1980. A 2019 kuma aka nuna shirin wata 'yar Japan, Marie Kondo, a Netflix, tana shiga gidaje tana taimakon mutane su rabu da tarkace. Tambayar da ke gabanmu ita ce: wanda aka ba baiwar tsara kaya, yana kuma so ya ci abinci da ita, ya karɓi kowane aiki ne, ko ya tsaya a kan fanni ɗaya? In zai tsaya, da me zai auna?

Bari mu dubi Abijan, inda 'yan'uwanmu daga Nijar da Nijeriya suka daɗe suna zaune. Bayan da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, manyan jirage suka fara shigowa, birnin ya cika da baƙi masu neman abinci. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanensa sun wuce miliyan 5. Baƙi da yawa sun sauka a Treichville, kusa da tashar jiragen ruwa, ko a Adjamé, inda manyan tashoshin mota da kasuwanni suke. A can akwai gidajen haya masu tsakar gida ɗaya, kowane iyali da ƙofarsa. Ƙaramin ɗakin ana ce masa antire-kushe, watau shiga ka kwanta. Nan ake kwana, nan ake ajiye tukwane, nan kuma ɗan kasuwa yake jibge hajarsa. A irin wannan wuri shirya ɗaki ya wuce ado. Shi ne ke sa yaro ya sami inda zai buɗe littafinsa, miji da mata kuma su daina faɗa a kan hanyar wucewa.

Wani zai ce, “Mai neman abin sawa a baka ina ya ga ta zaɓe? Duk wanda ya kira shi sai ya tafi.” Maganar tana da ƙarfi, ba kuwa za mu raina ta ba. A farkon sana'a lalle mutum zai karɓi abin da ya samu, ta haka ne ma zai gane inda hannunsa ya fi faɗawa. Amma mu dubi abincin da ake kira garba. Acheke na mutanen bakin teku ne, da rogo suke yinsa. 'Yan Nijar suka tsaya a kan abu guda, acheke da soyayyen kifin teku, har abincin ya ɗauki sunan da aka san su da shi. Da sun haɗa da tuwo da shinkafa da shayi, da ba wanda ya tuna da su. Wanda ya tsaya wuri ɗaya ana sanin inda za a same shi.

Shirya ɗaki ma ba iri ɗaya ba ne. Jeren amarya yana bukatar ido, da iya zama tsakanin dangi biyu, kowanne yana so a ga kayansa. Ɗakin ɗan kasuwa yana bukatar lissafi da sanin ƙasa, gama Abijan ba Maraɗi ba ce. A watan Yuni, lokacin da ruwa ya fi tsananta, atamfar da aka jingina da bango takan yi fumfuna, takalmin fata kuma ya lalace a cikin kwali. Gwani ya san a ɗaga akwati daga ƙasa, a bar rata tsakaninsa da bango, a sa tsohuwar haja a gaba domin ta riga fita. Ƙaura kuma tana bukatar sauri da sanyin kai. A 2024 an rushe gidaje a unguwanni da dama na Abijan, har da wani sashe na Adjamé, iyalai suka kwashe kayan shekaru cikin ɗan lokaci. A ranar irin wannan, wanda ya san a fara da takardun haihuwa da na makaranta da magunguna ya yi wa iyali babban alheri.

Akwai na huɗu, shi ne mafi nauyi: kayan mamaci. Mutum ya yi shekara 30 a Treichville, ya rasu, mai gida yana son ɗakinsa, 'ya'ya kuwa wasu suna Zinder, wasu suna Kano. Wa zai buɗe akwatin? A ciki akwai takardar bashi, da hoton da matarsa ba ta taɓa gani ba, da tsohuwar riga wadda ba ta da daraja a kasuwa amma gwauruwar ba ta iya rabuwa da ita. Mai saurin da ya yi fice a ranar ƙaura zai yi ɓarna a nan. Ana bukatar mai haƙuri, wanda zai zauna shiru har a gama kuka, ya kira shaidu kafin ya taɓa kuɗi, ya kuma fita da bakinsa a rufe.

A nan ne amsar tambayarmu take. Yawancin mutane suna auna fanni da kuɗin da zai kawo, ko da abin da yake musu daɗi. Waɗannan ba laifi ba ne, amma ba su isa ba. Mai shirya ɗaki yana shiga inda baƙo ba ya shiga, yana ganin talaucin da aka rufe da labule. Saboda haka ma'auni na fari shi ne amana: wane irin asiri zan iya riƙewa, wane irin mutum kuma zan iya jimrewa da shi? Macen da ba ta iya ganin zinariyar amarya ba tare da zuciyarta ta motsa ba, ta bar jere. Wanda ba ya iya jin labari bai ba da shi ba, ya nisanci ɗakin makoki. Faɗa wa kai wannan gaskiya ba ƙasƙanci ba ne. Manzo Bulus ya kwatanta jama'ar masu bi da jiki mai gaɓoɓi da yawa, kowace da aikinta. Wanda ya ce, “Wannan ba nawa ba ne, ga wance ta fi ni,” ya yi wa mai ɗaki hidima, ya kuma yi wa 'yar'uwarsa.

Amma gwaninta tana da nata tarko, shi ne girmankai. Gwani yakan fara ganin ɗakin mutane kamar nasa, ya ce a zubar da wannan, a sayar da wancan. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohuwar da ta tara kwanuka 40 ba wauta take yi ba: gudunmawar aurar da jikarta ce take tanadi. Aikin gwani ya tambaya, ya nuna hanya, ya bar hukunci ga mai kaya.

To, ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai wannan baiwa, kada ka yi gaggawar ba kanka suna. Ka lura da irin aikin da ake sake kiranka dominsa, da gidan da aka ba ka mabuɗi aka tafi kasuwa. Maƙwabta sukan riga mutum sanin fanninsa. Inda suka amince da kai, nan za ka tsaya, ka koyi aikin sosai, ka bar sauran ga waɗanda aka ba su.