Jikinki Amana Ne: Rage Ƙiba Da Ɗorewa A Kai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwana mata, da yawanmu likita ya ce mu rage ƙiba saboda hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon gwiwar da ya kai wata ga yin sallah a zaune. Sai mace ta dage ta sauke kilo goma, amma kafin shekara ta zagayo ƙibar ta dawo, har da ƙari. Daga nan sai ta karaya, ta ce ita dai ba ta iyawa.

'Yar uwa, kar ki yi saurin zargin kanki. Allah Ya halicci jiki da dabarar kare kansa daga yunwa. Idan kitse ya ragu, sinadarin leptin, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, sai ya yi ƙasa. Ghrelin mai tayar da yunwa ya ƙaru. Jiki kuma ya rage yawan abincin da yake ƙonewa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya, wanda ya fito a 2011, ya nuna canjin sinadaran nan yana nan har bayan shekara guda. Ko nauyin da aka sauke a Ramadan ma yakan dawo 'yan makonni bayan Sallah.

To, ina mafita? Nana A'isha (RA) ta ruwaito daga Manzon Allah (SAW) cewa Allah Ya fi son aikin da aka dawwama a kansa, komai ƙanƙantarsa. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta mana ci da sha, ta hana israfi. Hadisin Tirmizi kuma ya koya mana raba ciki uku: abinci, ruwa da numfashi.

Don haka ki bar horon yunwa da shayin rage ƙiba na kasuwa. Ki zaɓi abin da za ki iya riƙewa shekara da shekaru: malmalar tuwo ɗaya maimakon biyu, yawan ganye da wake, ruwa a madadin lemon kwalba, tattakin minti 30 kullum ko da a tsakar gida ne, da isasshen barci. Mai ciki, mai shayarwa da mai ciwon suga su fara tuntuɓar likita. Idan kin yi tuntuɓe a wurin biki, gobe ki ɗora daga inda kika tsaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba mu lafiyar da za mu bauta Masa da ita, amin. Wassalamu alaikum.