BUSASSHEN HATSI A SAMA, JIƘAƘƘE A ƘASA: AMANAR MAI RIƘE DA SHIRIN TALLAFA WA MATASA

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da neman tsira da aminci ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ya ku 'yan'uwana samari, dalilin wannan 'yar takarda wata tambaya ce da wani ɗan'uwanku ya yi mini a nan Kafin Dafga bayan sallar Isha'i. Yaron ya yi karatu, ya gama bautar ƙasa, sai wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje ta ɗauke shi ya riƙe mata shirin koya wa matasa sana'a a ƙauyukan Ƙaraye da Rogo. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wannan aiki ya halatta kuwa? Kuɗin fa na Turawa ne." Ba Turawa tamu ta nan Ƙaraye yake nufi ba, na ƙetaren teku yake nufi.

Na ce masa wannan mas'ala ba ta da nisa. Manzon Allah (S.A.W.) ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar, alhali kuwa Muƙauƙis ba Musulmi ba ne. Abin da ya wajaba a kanka shi ne ka karanta yarjejeniyar, ka tabbata ba a ɗaura wa kuɗin wani sharaɗi da zai taɓa aƙidar yara ko tarbiyyarsu ba. In babu, karɓi aikinka. Amma fa ka tambayi abu mai sauƙi ka bar mai wuya. Haɗarin wannan aiki ba daga inda kuɗin ya fito yake ba, yana cikin hannun da kuɗin zai bi ta kansa, watau hannunka.

Irin waɗannan shirye-shirye ba baƙi ba ne a ƙasar Kano. An yi shirin Mafita, wanda gwamnatin Ingila ta zuba wa kuɗi tun daga 2015 domin koya wa samari da almajirai da 'yan mata sana'a a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. A 2017 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 200 na shirin noma mai suna APPEALS a jihohi shida, har da Kano, kuma a cikinsa akwai kason mata da matasa. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda ya sa hannu a shirin noma da kiwo na Jihar Kano na dala miliyan 95. Gwamnatin Tarayya ita ma ta fito da N-Power a 2016, tana biyan masu digiri naira 30,000 a wata. Kuɗi dai sun zo, ba a musun wannan. Haka nan kowa ya ji yadda a watan Janairu na 2024 aka dakatar da ministar ma'aikatar jin ƙai, Betta Edu, bisa zargin umurnin a zuba naira miliyan 585 a asusun wani mutum. Wannan labari ya cika gari domin na manya ne. Ni kuwa yau maganata a kan ƙaramin ma'aikaci ce, mai babur da jakar takardu.

Ku duba matsayin da yake tsaye. Wanda ya ba da kuɗin yana Landan ko Jidda, ba zai taɓa taka ƙasar Kafin Dafga ba. Saurayin da aka nemo kuɗin da sunansa kuwa ba zai taɓa ganin takardar kasafi ba, bai san nawa aka ware masa ba. Mutum biyu ke nan da ba sa ganin juna, kuma mutum ɗaya tak ke ganin su duka biyun. To, wannan ita ce amana: abin da aka bar maka a inda babu mai gani sai kai da Allah.

Wani zai ce, in haka ne gara a guje wa aikin. Ba haka ba ne a kan kowa. Abu Zarri (R.A.) ya nemi a ba shi shugabanci, Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shi domin ya ga rauni tare da shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Amma Annabi Yusufu (A.S.) da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan rumbunan Masar, a aya ta 55 ta surarsa, domin ya san zai iya tsarewa kuma ya san aikin. Ibnu Taimiyya a cikin Siyasatush Shar'iyya ya gina sha'anin muƙami a kan ginshiƙi biyu, ƙarfi da amana. Ƙarfi a wannan aiki ba na damtse ba ne. Shi ne ka iya lissafi, ka san wace sana'a ke ci a wane gari, sa'an nan ka iya duban baffanka ido da ido ka ce masa a'a.

Domin kuwa baffa zai zo. Ran da aka ji fom yana hannunka, za ka ga 'yan'uwan da ba ka san kana da su ba. Zai ce, "Ɗana, ga ƙannenka guda uku, ai na gida ake fara yi wa." Kansila zai aiko da tasa takardar. Ɗan kwangilar da zai kawo kayan sana'a zai aiko da rago gidanku ana jibi Sallah, ya ce zumunci ne kawai. Wannan duk hukuncinsa a fili yake, ba sai na tsawaita ba. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce shi aka ba kyauta. Manzon Allah (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi faɗa, ya nuna da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da an ga ko kyautar za ta same shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa abin da ake kira gaisuwa a cikin miyagun al'adun masu mulki. Ka tambayi kanka, bara da ba ka da fom, wa ya aiko maka da rago?

Wanda ya ci wannan ya san haram ya ci. Akwai wani abu kuma da ya fi wannan ɓoyuwa, wanda mutumin kirki mai sallah a sahun farko yake faɗawa ciki bai sani ba. Ni kaina na faɗa, shi ya sa zan ba ku labarin.

Bayan na gama jami'a na yi 'yan watanni ina taya wata ƙungiya aiki, ba zan faɗi sunanta ba. Muka tara samari arba'in a wani gari, aka yi musu bita ta kwana uku, aka ba kowa keken ɗinki da takardar shaida, aka ɗauki hoto kowa yana dariya. Ni na rubuta rahoton. Na ce an horar da mutum arba'in, gaskiya ne. Na ce an raba keke arba'in, gaskiya ne. Rasit ya cika, odita ya duba bai sami ko kwabo da ya ɓata ba. Bayan wata uku na koma garin don wata hidima tawa, sai na iske kekunan nan a kasuwa, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Garin da ma yana da teloli, su ma ba sa ganin aiki sai azumi ya raba tsakiya. Kuma wa ya taɓa koyon ɗinki a kwana uku? Na sami ɗaya daga cikin yaran na ce, "Me ya sa ka sayar?" Ya ce, "Malam, taki na saya. Da an tambaye ni da injin ban-ruwa zan ce, ga fadamar babanmu nan a kwance." Na kai wa shugabanmu wannan magana. Ya dube ni ya ce, "Malam, akwai gurbin wannan a cikin fom ɗin rahoto?" Babu. Na yi shiru. Shekara ta zagayo, aka ƙara wa ƙungiyar kuɗi domin ta yi nasara, aka sake sayo kekuna.

To, jama'a, ga tambayar da ta hana ni barci: ban ci kwabo ba, ban rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Shin na yi ha'inci ko ban yi ba?

Na daɗe ina ba kaina uzuri, har ran da nake karantar da hadisin nan na Abu Huraira (R.A.) da ke cikin Muslim. Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da abinci da ya tara tsibi, ya cusa hannunsa a ciki, sai yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya doke shi. Aka tuhume shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma a nan ne aka yi gargaɗin nan mai tsanani a kan mai algus. Ku lura da kyau. Mutumin nan bai furta ƙarya ba. Busasshen hatsin da ke sama da gaske busasshe ne. Ba shi ya jawo ruwan saman ba. Laifinsa guda ne, ya tsara tsibin yadda ido zai ga abin da yake so a gani. Wallahi ina cikin karantarwa na ji kamar da ni ake. Rahoto tsibi ne. Hoto da adadin waɗanda suka halarta su ne busasshen sama. Kekunan da ke kasuwa su ne danshin da na tura ƙasa.

Wa aka cuta? An cuci mai bayarwa, ko da kuwa ba Musulmi ba ne, domin algus haram ne a kan kowa. An cuci samarin baɗi, waɗanda aka sake kawo musu abin da ba zai amfane su ba saboda ni na shaida cewa yana amfani. Sa'an nan an cuci garin gaba ɗaya, domin an koya wa yaransa cewa tallafi rabon ganima ne na yini ɗaya, ka sa hannu, ka yi murmushi, ka sayar. Mu da Allah Ya ajiye mana madatsar ruwan Challawa tun 1992 a cikin ƙaramar hukumarmu, ga Kusalla, ga ƙasar noma har iyakar Rogo, amma a ce saurayi mai fadama yana layin keken da ba ya so!

Na san abin da ma'aikatan wannan fanni za su ce, kuma ba magana ce ta banza ba. Za su ce, Malam, in ka rubuta cewa shirin bai yi ba, ba gyarawa za a yi ba, ɗauke kuɗin za a yi a kai wata jiha inda aka iya rubuta rahoto mai daɗi. Garin ya rasa ɗan abin da yake samu, ma'aikata su rasa albashi, kai kuma a ce ba ka iya aiki ba. Ba zan ruɗe ku ba, wannan yana iya faruwa, kuma mai faɗin gaskiya yana iya rasa kujerarsa. Amma ku auna abu biyu. Na farko, hadisin Hakimu ɗan Hizamu (R.A.) a Bukhari da Muslim ya rataya albarkar ciniki a kan gaskiya da bayyana aibi, ya rataya gushewarta a kan ƙarya da ɓoyewa. Ɓoyewa fa aka ambata daban, kusa da ƙarya. Na biyu, kuɗin nan da ake ɓoye gaskiya don kada ya tafi, tafiya yake yi ko an ɓoye. A 2021 Ingila ta rage abin da take warewa na agaji daga kwabo 70 a cikin kowace naira 100 ta arzikinta zuwa kwabo 50. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, shirye-shirye da yawa a Nijeriya suka tsaya cak. Ba a tambayi wane ne ya fi iya tsara hoto ba. Ran da motar ƙungiya ta daina zuwa, abin da ya rage a gari shi ne yaron da da gaske ya iya walda ko noman rani.

Kuma ba a ce ka zubar da hatsin ba, cewa aka yi ka ɗora jiƙaƙƙen a sama. Ka rubuta: mun raba kaza, kaza suna aiki da shi, kaza sun sayar, ga dalilinsu, ga abin da suka ce sun fi buƙata. Mai bayarwa na gari wannan yake nema. Wanda kuwa ba ya son ya ji, ka gane ke nan cewa ba don yaranku ya zo ba.

Su ma yaran da suka sayar ban wanke su sarai ba, wanda ya yi alkawari ya saɓa yana da nasa. Haka wanda yake rubuta sunansa a gari biyu, ko ya ari takardar wani. Ku ji tsoron Allah, gurbin da ka cinye na wani maraya ne. Sai dai mai yunwa a gida, in ka ba shi keke, buhun masara yake gani. Abu Dawuda ya kawo labarin wani mutumin Madina da ya zo roƙo, Manzon Allah (S.A.W.) ya sa aka sayar da 'yan kayansa dirhami biyu. Ya ce ya sayi abincin iyali da ɗaya, ya sayo gatari da ɗayan. Ya sa masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya yanka masa kwana goma sha biyar yana saran itace, mutumin ya dawo da dirhami goma. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, wannan wajibi ne in faɗa muku, amma asalin fifita ɗaukar igiya a yi itace a kan roƙo ya tabbata a Bukhari. Ku dubi tsarin kawai. An fara toshe yunwa, an ba da kayan aikin da ke da kasuwa a garin, sa'an nan aka sa ranar da za a ga sakamako. Mu kuwa a wancan shiri namu, ranar rabo ita ce ranar sallama.

Saboda haka na ce wa wannan ɗan'uwa naku, kafin a sayo ko allura, ya zaga mazaɓun nan, Kafin Dafga, Yammedi, Tudun Kaya, Kurugu da sauransu, ya zauna da samarin da iyayensu da masu sana'ar garin ya ji abin da ke ci. Ya kafe sunayen waɗanda aka zaɓa a ƙofar masallaci da ta mai gari, tare da abin da aka ware wa kowa, domin abin da jama'a suka gani ya fi wuyar karkatarwa, kuma wannan zai zame masa garkuwa a gaban baffa. Sa'an nan ya sayi babban littafi nasa na kansa, bayan wata shida ya hau babur ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba mai ɗaukar hoto, ya rubuta abin da ya gani.

Ya ce, "Malam, fom ɗinsu fa ba shi da gurbin wannan, kuma man zagayen ba ya cikin kasafi." Na ce masa ya rubuta a bayan takardar, man kuma ya nemi a sa shi tun yanzu kafin ya sa hannu a yarjejeniya. Ya ce zai gwada. Allah Ya dafa masa, ni kuma Ya yafe mini wancan rahoto.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.