Kafin ka sayi tsarabar Sallah, ɗana

Ɗana, na san abin da ke ranka in Sallah ta matso. Ko kana Yamai, ko Kwatano, ko Abijan, ko Legas, ka yi wata da watanni kana tara ɗan abin da Allah Ya hore maka, ga kuma saƙonnin murya sun fara shigo maka daga gida. Ƙanenka ya daina zancen shadda da takalmi. Salula yake so, ko abin sawa a kunne, ko agogon nan mai ƙirga taku. Ban ga laifinsa ba, kai ma ban ga naka ba in ka so faranta masa rai. Addininmu ya kwaɗaitar da mu yi wa juna kyauta, kuma yaron da ke son taɓe-taɓen na'ura sau da yawa mai kaifin ƙwaƙwalwa ne. Abu guda nake so ka riƙe: a birni za ka sayi kayan nan, amma a Tabla za su zauna, ko a wani gari na kan hanyar Filinge har cikin Kurfai. To ka yi sayayyarka da idon wanda ke zaune can.

Fara da tambayar wuta. A ina za a yi cajin abin da ka riƙo? Kai kana da wurin jonawa a gefen katifarka, shi kuwa yaron sai ya taka zuwa rumfar mai caji. Ka san rumfar: tebur ɗaya, wayoyi birjik an jera su, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, igiyoyi sun sarƙe, injin yana ruri a baya. Kowane caji da kuɗinsa, kuma babbar salula kullum sai ta sha. Ko gidan da layin wutar NIGELEC ya kai bai tsira ba. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijar ke amfani da shi a lokacin daga can yake zuwa. Yamai kanta ta kwana cikin duhu, balle mu. A shekarar ce tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai ƙarfin megawat 30, ta fara aiki, ta rage wa babban birni raɗaɗi. Abin da gwamnati ta yi a babba, kai ma kana iya yi wa gidanku a ƙarami. Faifan sola mai wat 10 ko 20, da fitila mai wurin jona waya, ni a ganina sun fi kowace tsaraba da za ka ɗauko. Ɗan lakwal mai shirin jarrabawar BEPC zai yi karatun dare da ita, uwarku za ta ga tukunyarta, wayoyin gidan duka za su samu caji ba tare da an fitar da ko dala ba.

Sai dai a nan ne ake cutar mutane sosai, don haka bari in tsaya. Batirin ajiye caji, wanda kowa ke ce wa fawa banki, ƙarfinsa a rubuce yake a jikinsa. Mai 10,000 mAh na gaskiya ba ya zuba wa waya dukkan abin da ke cikinsa, wajen kashi biyu cikin uku ne ke isa, sauran ya tafi a hanya. Ke nan wayar da batirinta 5,000 ne, sau ɗaya zai cika ta, ya ɗan rage. Wannan na ƙwarai ke nan. In kuwa ka ga ɗan ƙarami mara nauyi an rubuta masa 50,000, ana sayar da shi a kuɗin goro, ajiye musu kayansu. Na taɓa tsayawa kan wani mai gyara ya ɓare irin wannan: ɗan batiri guda ne a ciki, sai ƙunshin yashi da aka cusa don ya yi nauyi a hannu. Araha ba ta ado. Haka wanda aka liƙa wa ɗan gilashin sola a bayansa. Gilashin ya yi ƙanƙanta, sai ya yi kwanaki da yawa a rana bai cika ba, ranar kuma ita ke kashe batirin. Ƙaramar Sallah a shekarun nan cikin bazara take faɗowa, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasarmu. Faifai shi ke son rana. Batiri da waya inuwa suke so. Ka gaya wa yaron haka da bakinka, ka kuma gaya masa duk ranar da ya ga bayan wayarsa ya kumbura yana ɗaga murfi, ya daina jona ta, kada ya kwana da ita a ƙarƙashin matashi.

In salular ce dai ka ƙudura, to ka tuna yadda mahaifinka ke sayen ragon layya a kasuwar Baleyara ran Lahadi. Ba ya kallon ƙaho ya biya. Sai ya buɗe baki ya duba haƙori, ya shafa gadon baya, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, ya kuma lissafa dusar da zai ci kafin ranar yanka. Yi wa waya haka. Kunna ta a gaban mai kanti, sa layinka ka kira wani, ɗauki hoto, jona ta ka ga tana shan caji. Danna *#06#, lambar IMEI za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, akwai magana. Ta hannu kuwa, kada ka karɓa sai mai ita ya cire asusunsa na Google ko na iCloud kana kallo, don wayar da ke kulle da sunan wani ba ta da amfani, kuma wataƙila ta sata ce. Tsohuwa tukuf ma ka bar ta, domin WhatsApp kan daina aiki a kan tsofaffin wayoyi lokaci zuwa lokaci, shi ne kuwa abin da mutanenmu suka fi buƙata.

Kada sunan waya ya ruɗe ka. Tecno da Itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma ba a banza suka cika hannun jama'a ba: batirinsu na jimawa, suna ɗaukar layi biyu, in gilashi ya fashe mai gyara na kusa yana da irinsa. Layi biyun nan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da rezo ke zuwa yana tafiya, yau Airtel ce ke kamawa a ƙofar gida, gobe sai Moov ko Zamani. Waya mai tsada wadda sai an kai ta Yamai kafin a samu mai taɓa ta, ranar da ta faɗi ƙasa ta zama kayan cikin akwati. Ka haɗa da riga da gilashin kariya tun daga kanti, ƙurarmu ba ta raga wa kowa. Katin ajiya kuma ka saya inda za ka iya mayarwa, na jabu sun yi yawa, a rubuta 64 GB, a zuba karatun malamai da hotunan biki, a wayi gari babu komai.

Akwai abin da nake roƙonka kada ka kawo ko da kyauta aka ba ka. Ɗan jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto, da wayar oba-oba. A birnin da kake kayan wasa ne. A jihar Tilaberi, inda sassa da dama ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, ga shingayen bincike a kan hanya, kaya ne da za su sa a tsare yaro ana yi masa tambayoyin da ba shi da amsarsu. Haka in tsohuwar wayarka za ka ba shi, goge ta tas tukuna. Layin da zai sa kuma a yi masa rajista da sunan wanda aka sani a gidan.

Sannan ka dubi shekarun wanda za ka ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da babbar salula da intanet, shi kaɗai a ɗaki da dare, ka haɗa shi da mutanen da ba ka sani ba, ubansa ma bai sani ba. Kafin ka saya, kira mahaifinsa ko mahaifiyarsa ka nemi izini. In sun ce a dakata, ka dakata, kada ka zo ka ba shi a ɓoye don a ce yaya mai kirki ne. Su za ka bar wa rigimar in ka koma. Wanda kuma ka lura hannunsa na son kwance-kwance, kullum yana cikin tsohuwar rediyo, saya masa 'yan sukundireba da na'urar auna wuta, ka kai shi wurin mai gyaran da ka yarda da shi ya zauna lokacin hutu. Da yawa daga masu rumfunan gyara a kasuwanninmu da haka suka fara.

Ina kuma ƙannenka mata? Na lura tsarabar na'ura kullum maza ake kawo wa, mace a ba ta turmin atamfa a ce an gama da ita. 'Yar da ke aji ɗaya da ɗan'uwanta ita ma tana buƙatar fitilar karatu. Mahaifiyarka kuma ƙaramar waya mai maɓalli, mai tocila da rediyo, wadda ke kwanaki ba a yi mata caji ba, ta fi mata komai. Ta wannan wayar za ka sanar da ita ka turo kuɗi ta Nita ko Amana, ba sai ta ari ta maƙwabta kowa ya ji sirrinku ba.

Babbar Sallah a 'yan shekarun nan bakin damina take zuwa, rumbu ya yi ƙasa, ana neman iri da abin da masu noma za su ci. Kada ka ci bashi don waya. Kafin ka shiga kasuwa, kira gida ka tambayi buhu nawa ya rage. In hatsi ya isa, sayi abin da ka ga dama cikin waɗanda na faɗa maka, ka karɓi takardar shaidar saye ka sa a cikin kwalin. In bai isa ba, turo kuɗin gero, ka riƙo fitilar sola ɗaya, ka gaya wa ƙanenka gaskiya cewa salula sai bayan kaka in Allah Ya kai mu. Allah Ya kawo ka gida lafiya.