Motar da ta sha ruwan Alau

Sau huɗu cikin wata biyu Golf ɗina tana mutuwa a hanyar Baga. Da bakanike ya ɗaga kafet, sai ga busasshiyar laka: ashe ta kwana cikin ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024. Da na koma wurin dillalin da ya sayar mini da ita, sai ya ce, "Alhaji, tsohuwar mota ai sai haƙuri."

Na yarda tsufa ba aibi ba ne. Ido buɗe na saya, farashin ma ya shaida. Idan birki ya cinye, nauyina ne. Amma a fiƙihun Malikiyya, aibin da ya riga ciniki, yake rage daraja, mai saye bai gan shi ba, yana halatta mayar da kaya. Lakar nan ta riga kuɗina shiga motar, kuma dillalin ya sani, ya wanke sama ya yi shiru. Gobe zan kai masa makullinsa.