Ɗana, Kada Ka Raina Dindiris ɗin Hannu da Ƙafa

Ɗana, na san abin da ya baro da kai daga Tawa ko Madawa ko Birnin Ƙonni ka zo ka zauna a Abijan, kuma na san ba kallon gadar Houphouët-Boigny ka zo ba. Akwai tsohuwa a gida tana jiran saƙo, akwai ƙannen da suka zuba maka ido, wataƙila har da auren da aka sa rana bayan kaka. Saboda haka ba zan ce maka ka rage neman halal ba. Magana ce kawai nake so mu yi a kan hannun nan da ƙafar nan da kake nema da su, domin su ne jarinka na gaskiya, kuma na lura kun fi tausayin keken ɗinki da amalanke a kansu.

Dubi tela a kasuwar Treichville, ko mai gyaran waya a Black Market na Adjamé, ko mai tsiren da ke wuni yana yanka nama. Cikin dare, barci ya yi daɗi, sai hannu ya tashe shi. Babban yatsa da manuni da na tsakiya sun yi dindiris, suna minjirya kamar ana tsira musu allura, amma ƙaramin yatsa lafiyarsa lau. Ya tashi zaune yana yarfe hannun har ya saki, ya koma ya kwanta, da safe ya ce kwanciya ce ya yi a kansa. To ba kwanciya ba ce. A wuyan hannu akwai wata 'yar ƙuntatacciyar hanya tsakanin ƙashi da tantani mai tauri, ta nan jijiyar da ke kai ji ga waɗannan yatsu take wucewa tare da jijiyoyin da ke lanƙwasa su. In aiki iri ɗaya ya yi yawa, wurin ya kumbura, sai jijiyar ta matse. Idan aka bar ta haka, wata rana allura za ta riƙa suɓuce masa, sa maɓallin riga ya zama aiki, in ya haɗa tafukansa biyu ya duba sai ya ga tudun naman da ke gindin babban yatsa ya lotsa a hannu ɗaya.

Haka abin yake a wasu gaɓoɓin. Direban motar haya ta gbaka da ke jingina gwiwar hannu a tagar mota tun asuba, nasa a ƙaramin yatsa da na kusa da shi yake fitowa. Mai gyaran takalmi da mai yankan farce da ke wuni a tsugune suna danne wata jijiya da ke zagaye gefen gwiwa ta waje, har ka ga silifa na fita daga ƙafar mutum bai sani ba, kan yatsunsa na shurin ƙasa in yana tafiya. Shi kuwa ɗan dakon da ke sunkuyawa ya fizgi buhun shinkafa mai kilo 50 a kasuwar Forum ko a bakin tashar jiragen ruwa, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ne ke ɓullowa ya taɓa jijiya, sai zugi ya taso daga ƙugu ya bi ɗuwawu da bayan cinya har ƙasa, tari ma ya zame masa abin tsoro.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Ranar da zugin ya lafa wurin ya sage, ka daina jin zafi ka kuma daina jin taɓi, kada ka yi murna ka ce an samu sauƙi, domin sau da yawa jijiyar ce ta gaji da kuka. Lamarinta kamar ciyawa ne da aka ajiye wa turmi: in an ɗauke shi bayan 'yan kwanaki za ta miƙe ta koma kore, in kuwa ya shekara a wurin, ƙasa fetal za ka tarar. Jijiyar da ta lalace, ko da an cire abin da ya danne ta, tana tsirowa ne wajen milimita 1 a rana, wato abin da bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba a wata. Lissafa daga gwiwa zuwa tafin ƙafa ka ga watanni nawa ke nan. Naman da ke jiran ta kuma ba ya jira har abada. In ya wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi babu jijiya, da wuya ya dawo yadda yake. Shi ya sa wata shida na "bari mu gani" ba ƙaramar asara ba ce.

Na san abin da za ka yi kafin ka je wurin likita, domin kowa haka yake yi. Za a ce maka sanyi ne, wani ya ce basir ne, wani ya rage murya ya ce hannu aka sa maka don an ga kasuwarka ta buɗe. Za ka je wanzami ya yi maka ƙaho, daga nan ka bi ta kasuwar Roxy ka sayi ƙwayoyi a faranti, a haɗa maka ja da fari da tramadol. Ban ce kai sakarai ba ne, ɗana, mai ciwo ba ya raina magani, kuma wuni guda a layin asibiti wuni ne da ba a yi ciniki ba. Amma ƙwayar nan bakin ciwon kawai take toshewa, ka koma ka ɗauki buhun da jikinka ya ce ka ajiye, jijiyar na ci gaba da matsuwa, ga tramadol da kama mutum har ya kasa fita aiki sai da ita, wani ma ta jefa shi farfaɗiya. Allurar ɗuwawu a hannun wanda bai koya ba kuwa, ita kanta tana iya samun babbar jijiyar ƙafa ta bar mutum da jan ƙafa. Dauriya halin kirki ce, mun gaje ta, amma dauriyar da za ta mayar da kai gida kana neman mai ɗaura maka wando, iyalinka ba su aiko ka nemo ta ba.

Akwai kuma wani irin dindiris da ba danniya ke kawo shi ba. In ƙafafu biyu suka fara tare, daga yatsu abin yana hawa sannu a hankali, da dare tafin ƙafa na zafi kamar an shafa barkono, da rana kuma kana ji kamar auduga kake takawa, to a auna sukari kafin komai. Kusan rabin masu ciwon sukari suna samun wannan a tsawon rayuwarsu, kuma wani ta ƙafar ne ma yake sanin yana da ciwon. Ba nisa za ka yi ba: a nan Adjamé, cikin cibiyar kiwon lafiyar jama'a ta INSP, akwai sashen masu ciwon sukari da ake kira CADA, tun 1970 yake aiki. Haɗarin ƙafar da ba ta ji shi ne ƙusa ta shige ta a kwatamin kasuwa, ko ruwan zafi ya ƙone ta, mai ita bai sani ba sai da wari ya gaya masa, kuma daga nan ne ake kaiwa ga yanke ƙafa. Tunda sau biyar kake wanke ta a rana, to ka riƙa dubawa, ka buɗa tsakanin yatsu, ka share su su bushe, ka zazzage takalmi kafin ka sa, ka bar yawo ba takalmi ko a tsakar gida. Wanda ke shan maganin tarin fuka daga cibiyar Adjamé ko ta Treichville, in ya ji irin wannan zafin, ya faɗa musu, kada ya yanke maganin da kansa. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin ne ke jawowa, kuma bitamin B6 na tare shi.

Abin da za ka iya tun yau ba ya cin kuɗi. In za ka ɗauki kaya ka durƙusa ka rungume shi ka tashi da ƙarfin cinya, abin da ya fi ƙarfinka ka kira ɗan'uwa, ba abin kunya ba ne. Mai tsuguno ya nemi 'yar kujera, ya riƙa miƙewa yana taka ƙafa. Mai ciwon wuyan hannu, akwai maɗaurin da ake sawa da dare ya hana hannun lanƙwashewa, kuma da yawa a nan suke samun sauƙi. In bai yi ba, aikin buɗe hanyar jijiyar ƙarami ne, galibi ba a kwana. Ka yi katin inshorar lafiya na CMU, sefa 1,000 ne a wata, kuma baƙon da ke zaune a ƙasar ma yana da damar shiga. In Faransancinka bai nuna ba, tafi da wanda zai fassara maka, ka nuna wa likita yatsun da abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya, ka faɗi sana'arka da lokacin da ya fara, domin da wannan yake gane inda aka danne.

Abu biyu ne ba sa jiran gobe. In ciwon baya ya zo da sagewar tsakanin cinyoyi, fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba ka sani ba, ko kuwa farat ɗaya ɓarin jiki ya saki, baki ya karkace, magana ta sarƙe, to a rufe rumfa, a tari mota, a nufi babban asibitin CHU na Treichville ko na Cocody a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.